Magidanci a benci: yadda karatun babban digiri yake a ƙetaren Jibiya

Ga mutumin Bugaje da ke ƙaramar hukumar Jibiya, ƙasar waje ba ta buƙatar jirgin sama. Ya hau mota zuwa Jibiya, ya wuce shingen Magama, ya faɗa Ɗan Isa, sai Maraɗi. Tun daga 2013, lokacin da Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa Jami'ar Maryam Abacha a can, wannan hanya ta zama ta 'yan makaranta, kuma ba duka ne samari ba. Akwai malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, masu mata da 'ya'ya, waɗanda rabonsu da aji ya haura shekara goma, suka koma neman digiri na biyu ko na uku.

Wannan yanki ya san irin haka tun da daɗewa. Dokta Usman Bugaje, wanda ya wakilci Kaita da Jibiya a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, ilimin haɗa magunguna ya fara karantawa a Zariya, daga baya ya tafi Jami'ar Khartum ya kammala digirin dokta a 1991 da bincike kan tarihin tajdidi a Afirka ta Yamma. Sai dai Khartum nesa ce, wanda ya tafi ya san ya tafi. Maraɗi kuwa kusancinta shi ne yake ruɗar mutane.

Ruɗin yana da dalili. Maraɗi Katsina ce ta biyu. Nan sarakunan Haɓe suka koma bayan jihadi, har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake kiranta. Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, kuma a 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana ta harshen ƙasa. Saboda haka magidanci yakan ɗauka babu abin da zai saba da shi. Ranar da ya shiga ofis neman takarda yake gane cewa hukuma da Faransanci take aiki. A Maryam Abacha ana koyarwa da Ingilishi, amma wanda ya nufi jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo zai tarar da tsarin Faransa cur: shekara 3 digirin farko, 2 na biyu, 3 na dokta, ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ne ke fid da mutum. Wanda ya saba da maki bisa ɗari, in ya ga 13 a takardarsa sai gabansa ya faɗi, alhali a can malami ya yaba masa ne.

Kuɗi su suka fi karya dattawan ɗalibai. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsawa. Naira kuma tun da aka sake ta a Yunin 2023 take sama da ƙasa. Albashi da naira yake shigowa, haya da abinci da sefa suke fita, ga kuma cefanen gida da kuɗin makarantar yara suna jira a Bugaje. Saurayi ɗan shekara 22 in abin ya ƙure zai buga wa mahaifinsa waya. Magidanci shi ake buga wa. Mai hankali yakan canji kuɗin zango guda tun da wuri, ya kuma tabbata hutun karatunsa a rubuce yake daga wurin aiki, tare da sharaɗin shekarun da zai dawo ya yi musu.

Iyakar ma ba kullum take buɗe ba. An rufe ta a Agustan 2019, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙame ta har Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙara da matsalar 'yan bindiga a dazukan Jibiya, za ka ga cewa mai shirin kwana a gida duk Juma'a ya gina karatunsa a kan abin da ba ya hannunsa.

A ganina wannan zirga-zirga ta fi komai cin karatu, ko da hanya lafiya lau. Digiri na biyu da na uku ba haddar darasi ba ne. Bayan an gama darussan aji, sauran duk kundin bincike ne, kai da malamin da ke duba ka. Kundi kuwa yana son makonni a jere na zama wuri ɗaya. Wanda ke Malesiya ko Ingila an yafe masa suna da biki da zaman makoki. Na Maraɗi ba wanda zai karɓi uzurinsa, tunda ai ga shi nan kusa. Haka babi na biyu yake shekara bai ƙare ba.

Sai batun girma. Mutumin da ake gaisarwa da "ranka ya daɗe" a ofis zai zauna gaban malami sa'ar ƙanensa, a maido masa da babi cike da jan biro. Wasu sukan ɗauke shi raini, su daina zuwa. Waɗanda ke gamawa su ne masu komawa da gyara cikin mako guda, masu kuma roƙon yaran ajin su nuna musu yadda ake tono muƙalu a intanet da jera manazarta a kwamfuta. Su ma yaran suna ƙaruwa, domin wanda ya yi shekara 15 a asibitin karkara ba ya rasa tambayar da ta cancanci bincike.

Takardar da aka samo a waje ba ta aiki a Najeriya sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta a Abuja. A Janairun 2024, bayan ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni shida, ma'aikatar ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo, kuma ido ya ƙara buɗewa kan duk wata shaida daga maƙwabta. Tun kafin a biya ko sisi ake tambayar matsayin jami'ar da kuma na kwas ɗin kansa, a kuma adana rasiɗai, takardar shiga da fasfo mai hatimin Magama, domin da su ake nuna cewa an zauna an yi karatun.