Da Me Likita Yake Gyara Hanci?

Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da aikin gona. Tana kama yara masu tamowa. Daga dasashi take farawa, sai ta ci kunci, da leɓe, har da hanci. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

A Yamai ana yi wa waɗanda ta ɓata wa fuska aiki. To, daga ina ake samo abin gyara?

Daga jikin mai shi. Likita yakan yanko fatar goshi, ya juyo ta bisa hanci. Ba ya raba ta da goshin sai bayan kamar mako 3, don jini ya riƙa isa gare ta. Abin da zai tokare hancin kuwa guringuntsi ne. In kaɗan ake so, a ɗebo a kunne. In da yawa, sai a haƙarƙari. Akwai na roba, amma ya fi saurin jawo ruɓa, kuma jiki yakan turo shi waje.

Ƙaramin gyara, allurar kashe zafi ta isa. Babban aiki sai an sa mutum barci, musamman yaro.

Iyaye, a nan ne naku aikin yake. In likita ya ce kada yaro ya ci kome awa 6 kafin aiki, kada tausayi ya sa ku ba shi koko a ɓoye. In ya yi amai cikin barci, aman yana iya shiga huhunsa ya kashe shi.