Injin Wanki: Yawan Gudu Ba Shi Ne Tsabta Ba

 A wannan mako filin namu zai yi magana a kan injin wanki, musamman waɗannan lambobi da ake gani a goshinsa, 400, 800, 1000, 1200 ko 1400, waɗanda yawancinmu ba mu kula da su ba. Wata takan murɗa zuwa lamba mafi girma, a ganinta hakan ne zai fi fid da dauɗa. To, ba haka abin yake ba, kuma wannan kuskure ya sha jawo asarar tufafi masu tsada.

Aikin injin kashi uku ne, kamar dai yadda muke yi da hannu: wanki, ɗauraya, sannan matsa. Lambobin nan na matsa ne kaɗai. Suna nuna sau nawa gangar injin, wato ramin da ake zuba kaya, za ta juya a cikin minti ɗaya, shi ya sa akan rubuta haruffan rpm a gefensu. In an sa 1200, ganga za ta juya sau 20 a daƙiƙa ɗaya. A lokacin kuwa an riga an gama wanki, dauɗar da za ta fita ta fita. Abin da ke kawo tsabta shi ne ruwa, da sabulu, da tsawon lokacin wanki, da rashin cusa kaya fiye da kima.

Yadda injin yake matsa kuwa, ba murɗa kaya yake yi ba. In ganga ta ɗauki gudu sai tufafi su manne a jikin bangonta, ruwa ya riƙa tsiyayewa ta 'yan hujojin da ke jiki. Ƙarfin wannan dannewa ba kaɗan ba ne. A injin mai ƙofa a gaba irin wanda aka saba gani a gidaje, jiƙaƙƙen zane mai nauyin kilo 1 yakan danne bango da ƙarfin da ya wuce kilo 300 in ana gudun 1200, wato ya fi buhu 6 na shinkafa mai kilo 50. In kika rage gudu zuwa 600, ƙarfin ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma. Tawul ba ruwansa da wannan nauyi, amma ki tuna da leshin lefenki.

Me ake samu a yawan gudun? Rage ruwa ne kawai. Kayan auduga da aka matse a 800 sukan fito da ruwa kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyinsu, a 1000 kimanin kashi 60, a 1400 kuma kimanin kashi 50. Ke nan in kin wanke kaya masu nauyin kilo 5, bambancin 1000 da 1400 bai wuce rabin lita na ruwa ba. A ƙasashen Turai, inda ake sanyi kuma da yawa da injin busarwa mai cin wuta suke busar da kaya, wannan rabin lita kuɗi ne. Don haka injinan da aka yi don kasuwarsu suke zuwa da takarda mai maki daga A zuwa G a kan matsa, inda A ke nufin ruwan da ya rage bai kai kashi 45 ba. Mu kuwa Allah ya hore mana rana. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, da bazara ko hunturu, kafin ki gama shanya na ƙarshe na farko ya fara bushewa.

Saboda haka, kowane tufafi da gudun da ya dace da shi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Tawul, zanen gado, singileti da wandon jins suna shan ruwa sosai, kuma suna da ƙwari. A ba su 1000 zuwa 1400.

Atamfa, yadin maza da kayan makarantar yara, 800 ya ishe su. In aka wuce haka sai su fito a yamutse, layin yamutsar ya kwanta, ki ɓata lokaci da wuta ko gawayi wajen guga.

Rigar sanyi ta ulu da kayan saƙa na jarirai, 600 zuwa 800. Kada a rataye su a jiƙe, sai su saki su yi tsawo. A shimfiɗa su a inuwa.

Mayafi, gyale, lafaya, hijabi mara kauri da kayan siliki, 400 zuwa 600. Ya fi kyau a sa su cikin jakar raga ta wanki, in babu, a sa cikin rigar matashi a ɗaure bakin.

Leshi mai duwatsu, da shadda mai tsada, da babbar rigar maigida mai aikin hannu, in son samu ne kada su shiga matsar inji sam. Duwatsu sukan ɓanɓare, su tafi su toshe hanyar fitar ruwa, a yi asara biyu. Shadda kuwa ta yi karaya, ƙyallinta ya dushe. A wanke su da hannu, a bari su tsane. Hula ma a bar wa masu wankin hula sana'arsu.

In kina shakka, duba ɗan ƙyallen da ke cikin wuyan riga ko gefenta. Hoton baho mai layi ɗaya a ƙarƙashi yana nufin a bi da ita a hankali, mai layi biyu a ƙara lallaɓawa. Baho da hannu a ciki, wankin hannu ke nan. Hoton murɗaɗɗen ƙyalle da aka soke kuma, kada a murɗe ta.

Da damina lissafi yakan ɗan canja. A watan Agusta, a garuruwa irin su Jos, Kaduna da Abuja, kaya kan kwana biyu a igiya ba su bushe ba, har su fara wari ko su yi fumfuna. A nan ne babban gudu yake da rana, amma ga kaya masu kauri kawai. Kuma da zarar injin ya tsaya a kwashe, a kakkaɓe, a shanya. Barin jiƙaƙƙun kaya a ganga shi ke sa rinin wani ya hau kan wani.

Masu injin mai rami biyu, wanda ya fi yawa a gidajenmu saboda sauƙin kuɗi, ba ku da wurin zaɓen gudu, sai na lokaci. To, da lokacin za ku yi dabara. Kaya marasa kauri kada su wuce minti 1, atamfa da kayan makaranta minti 2, tawul da zanen gado minti 3 zuwa 5. A jera kayan daidai, masu nauyi a ƙasa, a danna, sannan a ɗora faifan robar nan a sama. Shi ne yake hana safa ko ɗan kamfai tsalle ya faɗa bayan ganga.

In kika ji injin yana rawa, yana buga bango, ko yana tafiya da kansa, tsai da shi. Yawanci kaya ne suka taru a gefe ɗaya, ko an sa bargo shi kaɗai, ko ƙasan ba daidai yake ba. A warware kayan, a gyara ƙafafun. Sabon inji mai ƙofa a gaba kuma yakan zo da manyan kusoshi a bayansa waɗanda suke riƙe ganga a kan hanya. Dole a kwance su kafin wankin farko, in ba haka ba ana iya kashe shi tun yana sabo.

Yanzu sai gare ku 'yan mata. Kada ki kuskura ki sa hannu a ramin matsa kafin ya tsaya cik, ko da kin makara zuwa makaranta. Kin dai ji irin gudun da yake yi. Zane ɗaya in ya naɗe yatsa, sai karaya. In birkin murfin ya lalace, ki faɗa wa Mama a kira mai gyara, kuma kada a bar ƙannenki su yi wasa kusa da shi.

Mai niyyar sayen inji kuma, kada mai kanti ya ruɗe ki da babbar lamba ki ƙara kuɗi a banza. Abin tambaya shi ne: ana iya rage gudun, ana kuma iya kashe matsar gaba ɗaya? Injin da ya kai 1000 ko 1200, wanda za ki iya sauke shi zuwa 400, ya ishi gida. Sauran aikin rana za ta yi miki kyauta.

Allah ya sa albarka a gidajenmu, amin. Sai wani mako in Allah ya kai mu.