Tarihin Kujerar Bishop ta Skalholt a Tsibirin Aislan

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda muƙamin bishop na Skalholt ya tashi daga gadon gida guda ya zama hukuma mai cin gashin kanta.

Mutanen Aislan sun karɓi addinin Kirista a taron majalisarsu ta Altingi wajen shekarar 1000. A wancan zamani ba su da sarki, manyan masu gonaki ne ke riƙe da ƙasa, kuma su ne suka giggina majami'u a filayensu. Daga cikin irin waɗannan gidaje aka sami bishop na farko, wato Isleifur, wanda aka naɗa a birnin Bremen na Jamus a 1056. Da ya komo, sai ya zauna a gonar gidansu, Skalholt. Ɗansa Gissur, wanda ya gaje shi a 1082, shi ne ya sadaukar da gonar ta zama mazaunin bishop na dindindin.

A zamanin Gissur ne, wajen 1097, aka kafa dokar ushiri. Akan raba abin da aka tara kashi huɗu: na bishop, na limami, na gyaran majami'a, da na matalauta. To, amma tun da yake majami'un mallakar manyan ƙasa ne, kashi biyu a hannunsu suke ƙarewa. Nan ne tushen rigimar da ta biyo baya.

Bishop Torlakur, wanda ya riƙe kujerar daga 1178 zuwa 1193, ya nemi a miƙa masa ikon filayen majami'u. Babban mai faɗa a ji na kudancin tsibirin, Jon Loftsson, ya ƙi, ya kafe a kan al'adar kakanninsa, dole bishop ya janye. Al'amarin bai sauya ba sai bayan da tsibirin ya shiga ƙarƙashin Sarkin Norwe tsakanin 1262 da 1264, ƙarfin manyan ƙasa ya ragu. Bishop Arni ya sake ta da maganar, aka sasanta a 1297: duk gonar da majami'a ta mallaka ɗungurungum ta koma hannun bishop.

Dukiyar nan kuwa ita ce ta jawo idon sarauta. Da Sarkin Denmak ya ƙudura kafa ɗariƙar Luta a tsibirin, sai aka kama Bishop Ogmundur a 1541. A 1550 kuma aka fille kan Jon Arason, bishop na Holar, tare da 'ya'yansa biyu a Skalholt ɗin.

Daga nan bishop-bishop na ɗariƙar Luta suka ci gaba da zama a can, har girgizar ƙasa ta 1784 ta rushe gine-ginen wurin, aka yanke shawarar mayar da kujerar Reykjavik a 1785. Ikon da aka karɓo daga hannun manyan ƙasa, a ƙarshe hannun sarki ya faɗa.