Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi Wajen Koyar da Ilmin Ikoloji ga Ɗaliban Kimiyyar Muhalli a Jami'a: Misali Daga Hausa

1.0 Gabatarwa

Ilmin ikoloji shi ne fannin kimiyya da ke nazarin dangantakar da ke tsakanin rayayyun halittu su da su, da kuma tsakaninsu da wurin da suke zaune. Wani masani Bajamushe mai suna Ernst Haeckel shi ne ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1866 daga kalmomin Girkanci guda biyu, watau oikos mai nufin gida, da logos mai nufin nazari. A Nijeriya an daɗe ana koyar da wannan fanni a sassan nazarin tsirrai da dabbobi da labarin ƙasa na jami'o'i, amma bai ja hankalin hukuma sosai ba sai a 1988, lokacin da aka gano dubban ganguna na dagwalo mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. A wannan shekara aka kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya da Dokar Soja mai lamba 58. A 1992 Dokar Soja mai lamba 86 ta wajabta auna illar da kowane babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, sa'an nan a 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Waɗannan matakai sun ƙara bukatar ma'aikata masu digiri a kimiyyar muhalli, kuma ikoloji na daga cikin darussan da ba makawa sai kowane ɗalibin fannin ya yi.

Da Ingilishi ake koyar da darasin, da shi kuma ake rubuta jarrabawa. Amma da yawa daga cikin ɗaliban, in sun gama, mutanen da za su yi aiki da su manoma ne da makiyaya da masunta da masu saran itace, waɗanda Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Fulatanci ko Barbarci ne harshensu na yau da kullum. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana irin kalmomin da Hausa ta riga ta mallaka a wannan fage, da wuraren da take da giɓi, da kuma hanyoyin da suka fi dacewa a bi wajen cike giɓin.

2.0 Abin da Darasin ya Ƙunsa

Galibi ana tsara darasin hawa-hawa. Akan fara da halitta guda da yadda take jure zafi ko ƙishirwa, sai tarin halittu masu nau'i ɗaya a wuri ɗaya, sai haɗuwar nau'o'i daban-daban, daga nan a kai ga dunƙulallen tsarin da ya haɗa masu rai da ƙasa da ruwa da iska da hasken rana, wanda Arthur Tansley na Ingila ya raɗa wa suna a 1935. Akan koya wa ɗalibi yadda abinci ke tafiya daga tsiro zuwa mai cin tsiro zuwa mai cin nama, kamar daga gero zuwa fara, daga fara zuwa ƙadangare, daga ƙadangare zuwa shaho, da kuma ƙa'idar da ta samo asali daga aikin Raymond Lindeman na 1942, cewa kimanin kashi 10 cikin 100 kacal na kuzarin da ke wani mataki ke isa mataki na gaba. Dalilin da ya sa fara ta fi shaho yawa a kowane daji ke nan. Dangane da Nijeriya kuwa, akan bi rabe-raben dazuzzuka irin wanda R.W.J. Keay ya yi a littafinsa na 1949, tun daga kurmin kudu har zuwa sahel.

3.0 Abin da Hausa ta Riga ta Mallaka

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa Hausa za ta shiga wannan fage hannu rabbana. Wanda duk ya duba littafin sunayen tsirrai na Hausa da likita J.M. Dalziel ya wallafa a 1916, ko ƙamusun G.P. Bargery na 1934, zai ga ɗaruruwan kalmomi waɗanda manomi ya tanada domin bambanta abubuwan da malamin jami'a ke ɓata sa'o'i yana bayani a kansu.

A ɗauki ƙasar noma. Bahaushe ya raba tudu da fadama, ya san jigawa mai rairayi wadda ke shan ruwa da wuri ta kuma dace da gero da gyaɗa, ya san dabaro mai baƙar laka wadda ke tsagewa da rani, ya san jangargari, da marmara, da fako inda ƙasa ta daskare har ruwa ba ya shigarta. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana ɗauke da bayani game da riƙon ruwa da irin shukar da za ta yi kyau a wurin. Kalmar fadama ma har ta shiga rubuce-rubucen masana na Ingilishi yadda take, kuma da ita aka sa wa shirin noman rani na ƙasa suna, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990. Haka abin yake ga lokutan shekara. Ban da bazara da damina da kaka da rani, akwai marka, watau tsakiyar damina lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, akwai agazari, zafin da ke zuwa dab da kaka, akwai kuma hunturu.

Wani babi mai wuya ga ɗalibai shi ne na yadda tsirrai ke maye gurbin juna a fili bayan an bar shi. Littattafan da ake karantawa sukan kawo misalai daga dazuzzukan Turai da Amurka, da itatuwan da ɗalibi bai taɓa gani ba. Alhali kuwa duk yaron da ya tashi a karkara ya san saura, watau gonar da aka bari ta huta, ya kuma ga yadda ciyayi ke fara rufe ta, sa'an nan sabara da kalgo da geza su tofo daga tsofaffin kututture, in an daɗe ba a taɓa ta ba ta koma sunƙuru. Ya san cewa kukoki a tsakiyar daji sau da yawa alamar kufai ce. Malamin da ya fara darasinsa daga saura ya rage wa kansa rabin aiki.

Gawo ma ya isa misali. Wannan itace yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa lokacin da take bukatar rana, ganyen da ya zubar da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani kuma su zama taki. A saiwoyinsa akwai ƙananan halittu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Manomi bai san sunan sinadarin ba, amma ya san dalilin da ya sa ba ya sare gawo a gonarsa.

4.0 Inda Kalmomi Suka Yi Cunkoso

Matsalar ta fi tsanani a wajen kalmomin da ake dunƙule ra'ayi da su. A nan sau da yawa kalma ɗaya ce ke ɗauke da kaya uku ko huɗu.

Kalmar muhalli, wadda aka aro daga Larabci, ita ce ta farko. Ana amfani da ita ga dukkan abin da ke kewaye da ɗan Adam, ana amfani da ita ga gidajen kwana, ana kuma amfani da ita ga takamaiman wurin da wata dabba ko tsiro ke rayuwa. A aji dole a raba na farko da na uku, domin tambayar jarrabawa na iya rataya a kan bambancinsu. Zai fi kyau a bar wa muhalli ma'anarsa mai faɗi, a keɓe mazauni ga wurin zaman nau'i guda, kamar yadda tafki yake mazaunin kada, a kuma keɓe gurbi ga rawar da nau'in ke takawa a wurin, watau abin da yake ci da lokacin da yake ci da abin da ke cin sa.

Yanayi ta fi muhalli wahala. Da ita ake faɗin halin da sama ke ciki yau ko gobe, da ita ake faɗin matsakaicin halin ruwa da zafi na wata ƙasa, wanda masana ke aunawa a kan shekaru 30, da ita ake faɗin lokacin shekara, har da halin da majinyaci ke ciki. Idan jami'i ya ce wa manoma yanayi ya sauya, mai sauraro na iya ɗauka cewa damina ce ta wuce kaka ta shigo, abin da ke faruwa kowace shekara. Kafofin watsa labarai sun riga sun yaɗa sauyin yanayi, ba kuma za a iya janye ta ba, amma a rubutun ilmi ya kamata a riƙa cewa yanayin yini ga na farko, da dawwamammen yanayin ƙasa ga na biyu.

Sai kuma jinsi da iri da nau'i, waɗanda ake musanya su yadda aka ga dama. Iri tana nufin abin shukawa, jinsi kuma masu nahawu sun riga sun ɗauke ta domin namiji da tamata. Duk da haka akwai mafita a al'adar karatun zaure, domin a ilmin manɗiƙi na Larabci jinsi ya fi nau'i faɗi, haka kuma masana kimiyya na ƙasashen Larabawa ke amfani da kalmomin biyu. Bisa wannan, ɓaure da cediya da durumi da gamji jinsinsu ɗaya, amma kowanne nau'i ne mai zaman kansa. Abin lura a nan shi ne Bahaushe ya bambanta itatuwan huɗu sarai, abin da bai tanada ba shi ne sunan da zai tara su.

Mafi hatsari duka ita ce ƙwayoyin cuta. Ta hanyar asibiti wannan suna ya shigo, ya kuwa dace da asibiti. Amma a ikoloji mafi yawan waɗannan ƙananan halittu ba sa sa kowa ciwo. Su ne ke ruɓar da ganye da mushe su mai da su taki, su ne kuma ke zaune a saiwar wake da gyaɗa da gawo. Malamin gona da ya ce wa manomi akwai ƙwayoyin cuta masu amfani a gonarsa ya yi magana mai warware kanta. Ƙananan halittu, ko halittun da ido ba ya gani, ya fi dacewa.

Akwai kuma matsalar rubutu. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka fari na rashin ruwa da fari na launi kamarsu ɗaya a takarda, haka fara ƙwaro da fara ta launi, da dawa hatsi da dawa ta jeji, da kuka itace da kuka na hawaye. A jimla mai karatu Bahaushe ba ya ruɗewa. A jerin kalmomi na ƙamus kuwa, wanda ɗalibin da Hausa ba harshensa na farko ba ne zai duba, wajibi ne a sa alamomin.

5.0 Hanyoyin Cike Giɓi

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi ba sabo ba ne a harsunan Nijeriya. Shirin firamare na shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da kimiyya da lissafi da Yarbanci. An sami ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin Yarbanci wanda Ayo Bamgbose ya shirya a 1984, da na Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990. Sai dai waɗannan ƙamusoshi biyu sun tsaya ne a kan harshe da adabi da hanyar koyarwa, watau masana harshe sun fara da ɗinke tasu rigar.

Inda abu ya kasance sunan sinadari ne da duniya ta yi tarayya a kansa, kamar naitirojin da kabon da oksijin, aro shi ne hanya mafi sauƙi, ƙoƙarin ƙirƙira kuwa ɓata lokaci ne. Inda kuma ra'ayi ne na dangantaka, ya kamata a fara duba cikin gida. Zaman da ɓangarori biyu ke amfanar juna, kamar na ƙudan zuma da fure, Hausa na da cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Zaman da ɗaya ke amfana ba tare da ɗayan ya ƙaru ko ya ragu ba, kamar balbela da ke bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar, ana iya kiran sa cin albarkaci, daga karin maganar nan ta ƙadangaren da ya sha ruwan kasko albarkacin kaza. Ga wanda ke rayuwa a jikin wani yana cutar da shi, kamar kauci a kan itace ko ƙuduji a saiwar dawa da gero, wasu za su so a ce cima-zaune. Wannan kalma tana da armashi, amma zagi ce ga malalaci, ba ta kuma nuna cutarwar da ita ce jigon ma'anar. Matsotsi, daga tsotsa, ta fi kusa.

Wajibi ne kuma a gwada kowace sabuwar kalma a bakin waɗanda za su ji ta. A dausayin Haɗeja da Nguru, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canja, ciyawar kacala ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Ɗalibin da aka tura can aikin fili zai tarar mutanen wurin suna da sunan kowace mashiga da kowace ciyawa, kuma rahotonsa ba zai yi amfani ba sai ya iya daidaita kalmominsu da na littafinsa. Saboda haka kwamitin da zai yi wannan aiki bai kamata ya ƙunshi masana harshe kaɗai ba, sai an haɗa da malaman ikoloji da malaman gona da ma'aikatan rediyo.

Misalin kalmar da ta kama ƙasa ya zo daga jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Tun daga 1983 aka fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina ƙone tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su bar su su girma. Sunan da masana suka ba dabarar a Ingilishi da Faransanci dogo ne, manoma kuwa suka kira ta sassabin zamani. Sassabe aiki ne da kowa ya gada, zamani kuma ya nuna cewa an sake masa salo. An ƙiyasta cewa dabarar ta bazu a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.