Ɗari ko bazara: gaskiya da ƙarya a saƙon tafiya arewa da iyali

Tun da aka gama kai hatsi rumbu wani saƙon murya yake yawo a wayoyin mutanen Tenhiya da Tanut da Belbeji. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya yi sallama, ya ce shawara yake ba ƴan'uwa masu son kai iyali ziyara Tamanrasset ko Sabha: kada su jira bazara, su tashi cikin ɗari, domin a cewarsa hamada ba ta kisa idan akwai sanyi, bido guda ya ishi gida guda, an soke dokar hana ɗaukar matafiya, kuma Aljeriya ba ta korar mace mai goyo. Daga ƙarshe ya bar lambar da za a kira a kama wuri a mota. Wannan lambar kaɗai ta isa ta nuna wa mai hankali cewa ɗan kasuwa ne yake magana, kuma hajarsa ran mutane ce.

Abin da ya sa saƙon ya shiga zukata shi ne ya cakuɗa gaskiya da ƙarya. Gaskiya ne bazara ta fi haɗari. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi a yankin Agadas da Arlit yakan haura digiri 40 kusan kullum. A Yunin 2016 aka tsinci gawar mutum 34 kusa da Asamaka, 20 daga ciki yara ne, bayan mai motar ya watsar da su. A Yunin 2017 wasu 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku. Gaskiya ne kuma cewa a Nuwamban 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke doka mai lamba 2015-36, wadda ta sa direbobi suka riƙa kauce wa sananniyar hanya da rijiyoyinta don gudun kamu. Sai dai dokar Nijar iyakarta iyakar Nijar. Soke ta bai ba kowa izinin shiga ƙasar wani ba.

Maganar da saƙon ya ƙara cewa katin CEDEAO ya isa shiga Aljeriya ba ta cancanci a tsaya kanta ba: Aljeriya ba ta taɓa zama cikin CEDEAO ba, Nijar ma ta fita. Haka batun cewa akwai rezo a duk tsawon hanya. Duk wanda ya taɓa wuce Arlit ya san inda waya take zama ƙarfe kawai.

Ƙaryar da take iya kashe mutane ita ce ta sanyi da ruwa, kuma a kanta nake son mu daɗe.

A ƙarshen Oktoban 2013, bayan zafin bazara ya daɗe da wucewa, aka gano gawar mutum 92 a arewacin Arlit, daf da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu daga Kance suke, nan cikin jiharmu ta Damagaram, Tamanrasset suka nufa. Motoci biyu ne suka ɗauke su, duka biyun suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka watsu neman rijiya. An iske iyaye mata kwance tare da ƴaƴansu. Gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Babu wanda zai ce mini tsakiyar bazara ce ta kashe su. Mota ce ta tsaya a inda babu ruwa, kuma inji bai san wata ba, yana lalacewa a Janairu kamar yadda yake lalacewa a Mayu. Abin da sanyi yake yi kawai shi ne ƙara wa mutum ɗan lokaci kafin ƙishirwa ta kayar da shi.

A yi lissafin da mai saƙon bai yi ba. Babban mutum, ko yana zaune a inuwa, yana buƙatar kusan lita 3 ta ruwan sha a yini. Gida mai mutum shida, lita 18 ke nan. Bido mai lita 25, irin wanda ake ɗinke wa buhu a ɗaura gefen Hilux, ba zai kai su kwana biyu ba, ba a ma yi zancen alwala ko dama fura ba, balle ruwan da direba zai ɗiba ya zuba wa inji idan ya ɗau zafi. Daga Arlit zuwa Asamaka kusan kilomita 200 ne, daga In Gezam zuwa Tamanrasset kusan 400, wannan idan an bi hanya miƙe. Mai gudun shingen jami'ai ba miƙe yake bi ba.

Iskar ɗari kuma tana da yaudara. Busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba, shi ya sa leɓe yake tsagewa, dugadugai su yi faso ko a gida. Babba zai iya cewa yana jin ƙishirwa. Jariri ba ya faɗa. Sai uwa ta ga yana kuka babu hawaye, zanen goyo ya wuni a bushe, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa. Idan ita kanta uwar ba ta sha ba, nono ma raguwa yake. Ga hazo, wanda yake rufe sawun motoci da duwatsun da direba yake gane hanya da su. Ga dare: a Kawar da tuddan Hoggar sanyin Disamba da Janairu yakan sauka kusa da sifili, Tamanrasset kanta tana bisa tudu mai tsawon fiye da mita 1,300. Yaron da ya kwana a bayan buɗaɗɗiyar mota cikin wannan iska, ciwon haƙarƙari yake jiransa, a inda likita mafi kusa yake nisan yini. Lokacin ne kuma na sanƙarau: tsakanin Nuwamban 2022 da ƙarshen Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Cunkoson bayan mota da gidajen kwana na kan hanya su ne irin wuraren da cutar take bi.

Na san hujjar da dattawanmu za su kawo, kuma ina girmama ta: ai ayarin gishiri da sanyi yake tashi. Haka ne. Tun kakanni Buzayen Abzin suke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma daga Oktoba, su dawo da gishiri da dabino, su gangaro Damargu su sayi geronmu. Amma ayari yana da madugu wanda ya san kowace rijiya, yana ɗauke da ciyawar raƙuma da guzurin zuwa da dawowa, raƙumi ɗaya in ya faɗi sauran suna ci gaba, kuma ba a tafiya da jarirai. Hikimarsu shiri ce, sanyi ɗaya ne kawai daga cikin shirin. Mai saƙon ya ɗauki sanyin ya zubar da sauran.

Batun cewa ba a korar mai goyo kuwa, akasin haka ne ya faru. Yarjejeniyar da Nijar da Aljeriya suka ƙulla a 2014 ta mayar da ƴan Nijar gida, da mata da yara aka fara ta, yawancinsu ƴan jiharmu. Har yanzu manyan motoci suna sauke ƴan Nijar a Asamaka, baƙi na wasu ƙasashe kuma a zube su a wurin da ake kira Point Zéro su taka kusan kilomita 15 a ƙasa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai, kuma korar ba ta tsayawa don an shiga ɗari.

Ban ga laifin innar da ta saurari saƙon nan ta tura wa ɗiyarta ba. Tana da ɗa a can wanda ta shekara da shekaru ba ta sa shi a ido ba, ko kuma damina ta ƙi, rumbu bai cika ba, ziyarar ma suna ce kawai, ci-rani ne. Wanda yake cikin wannan hali duk maganar da ta sauƙaƙa masa hanya zai so ta zama gaskiya. Haushina yana kan wanda ya san hanyar, ya san 2013, ya zauna ya naɗi muryarsa yana cewa bido guda ya isa.

Ga mai fasfo da izinin shiga, wanda zai bi ta kan iyaka a fili, amsar tambayar ɗari ko bazara a bayyane take: tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu ya fi Afrilu da Mayu nesa ba kusa ba. A yi wa yara rigakafin sanƙarau da ƙyanda a asibitin Tanut ko Belbeji kafin a tashi, a ɗauki bargo da garin ruwan gishiri da sukari, a tanadi ruwan da ya ninka kwanakin tafiya. A tambayi direba motoci nawa za su tafi tare, ta wace hanya, da kuma wa zai fito nemansu idan ba su iso ba a ranar da aka sa. Direban da ya ce mota ɗaya ce kuma da dare za a tashi don kauce wa jandarma, kada a ɗora masa yaro ko a wane wata ne.