Finafinan Neman Mutuwa Da Halin Majinyatanmu A Zango

Masu sha'awar finafinan Indiya a nan Zangon Kumasi ba za su manta da Guzaarish na 2010 ba. Hrithik Roshan ne ya fito a matsayin mai wasan dabo da hatsari ya shanye wa jiki daga wuya zuwa ƙafa. Bayan shekara 14 a kwance, sai ya roƙi kotu ta yarda a ɗauki ransa ya huta. Kotu ta ƙi.

Tun a 2004 an yi irinsa a ƙasar Sifen mai suna Mar Adentro, labarin gaskiya na Ramon Sampedro, wanda ya karye a wuya a 1968, ya daɗe yana wannan roƙo, har aka taimaka masa ya mutu a 1998. A 2021 ƙasar ta halatta abin.

Mu dai mun san hukunci: rai na Allah ne, kuma dokar Ghana ba ta yarda da haka ba. To amma me ke kai mutum ga fatan mutuwa?

Mu dubi namu. Ɗan kasuwa ya ɗauko albasa daga Bawku, mota ta kife, aka kai shi asibitin Komfo Anokye, likitoci suka ce laka ta taɓu. Jari ya ƙare a magani. A watan farko abokan kasuwa na tururuwar dubiya, daga nan ƙafa ta ɗauke. Sai a bar matarsa da juya shi dare da rana don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Sau da yawa wannan kaɗaicin ya fi ciwon ciwo.

Akwai wani fim da ya fi dacewa da mu, wato Emmanuel's Gift na 2005, labarin Emmanuel Ofosu Yeboah, ɗan Ghana da aka haifa da naƙasasshiyar ƙafa, ya ratsa ƙasar nan a kan keke a 2001. A 2006 aka kafa dokar naƙasassu mai lamba 715, wadda ta tanadi magani kyauta ga mai cikakkiyar naƙasa.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nema wa 'yan uwansu wannan haƙƙi, su kuma ware musu kaso a adashi. Zumunci dai a ƙafa yake. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.