Launi Ba Ya Faɗin Gaskiya: Yadda Baƙin Mai, Man Giya Da Man Birki Ke Mutuwa A Motar Dizal

Duk mai motar dizal ya san wannan abin haushin. Ka yi juye yau, a zuba maka sabon mai garau mai launin zuma, bayan kwana biyu ka zaro geji ka tarar man ya koma baƙi ƙirin. Daga nan sai zargi ya biyo baya. Wani ya ce bakanike bai canza man ba, wani ya ce jabu aka sayar masa, wani kuma ya koma gareji a sake juyewa, kuɗi su tafi a banza.

To, a injin dizal baƙin launi alama ce ta cewa man yana aikinsa. A gefe guda kuma, man birkin da ka leƙa ka ga yana sheƙi zai iya kasancewa ya daɗe da mutuwa. Ido da yatsa ba sa iya auna lafiyar mayukan mota. Kowane mai yana da abin da ke kashe shi, kuma sanin wannan abin ne zai gaya maka lokacin canji.

Me ya sa dizal ke baƙanta mai?

Injin fetur yana kunna wuta da tartsatsin fulogi. Injin da Rudolf Diesel ya kammala a Jamus a 1897 ba haka yake ba. Fistin ne ke matse iska har girmanta ya ragu ninki 15 zuwa 20, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan nozul ya fesa dizal a ciki ya kama da kansa. Da yake man ba ya samun lokacin gauraya da iska sosai kafin ya kama, wani ɓangarensa ba ya ƙonewa tas. Sai ya bar ƙananan ƙwayoyin gawayi, wato kunkunniya, irin wadda ake gani a rufin madafa.

Wani kaso na kunkunniyar yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin baƙin mai. Masu haɗa man dizal sun san da haka, shi ya sa suke zuba masa sinadaran da ke kewaye kowace ƙwaya su hana ta mannewa da 'yar'uwarta. Maimakon ta dunƙule ta toshe hanyoyin mai, sai ta yi ta yawo a cikin man har ranar juye. Wannan yawon ne kake gani a matsayin baƙi. Ƙari a kan haka, ko an kwance kusar ƙasa an tsiyaye mai, akwai ragowar tsohon da ke maƙalewa a lunguna da bututun inji, kuma kaɗan ya isa ya rina sabon.

Abubuwa huɗu da ke kashe baƙin mai

Na farko, kunkunniyar kanta idan ta yi yawa. Sinadaran da ke riƙe ta suna da iyaka. Idan suka ƙare, ƙwayoyin su fara dunƙulewa, man ya yi kauri, ya riƙa goge ƙarfe kamar an zuba masa garin yashi.

Na biyu, asid. Dizal yana ɗauke da sinadarin salfa, wanda muka fi sani da farar wuta. Idan ya ƙone ya haɗu da tururin ruwa, sai ya zama asid mai cin ƙarfe. Akwai sinadaran da ke kashe kaifin asid a cikin mai, amma su ma ƙarewa suke yi sannu a hankali. A nan ne bambancin ƙasa da ƙasa ke shigowa. Tun 2009 Tarayyar Turai ta kayyade salfa a dizal ɗin mota zuwa kashi 10 cikin miliyan. Najeriya kuwa a baya ta daɗe tana amfani da iyakar kashi 3,000 cikin miliyan, ninki 300 ke nan. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda ake shigo da dizal mai yawan salfa Afirka ta Yamma, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa kashi 50 cikin miliyan. Darasin dai shi ne: tazarar juyen da aka rubuta wa mota a Jamus an lissafa ta ne da dizal ɗin Jamus. Idan ba ka da tabbacin ingancin wanda kake sha, kada ka jira ta cika.

Na uku, dizal da ke tsiyaya cikin mai. Motocin zamani da yawa suna da wata matata a salansa, ana kiranta DPF, wadda ke tare kunkunniya. Lokaci-lokaci kwamfutar motar tana fesa ƙarin dizal don ta ɗaga zafin salansa ta ƙone abin da ya taru. Idan zirga-zirgarka gajera ce, daga gida zuwa ofis ka kashe, ƙonawar ba ta kammaluwa, wani dizal ɗin ya gangara cikin mai ya tsinka shi. Alamarsa ita ce ka ga mai yana ƙaruwa a geji maimakon raguwa. Kada ka yi murna fa. Idan ya yi yawa, inji na iya zuƙo man ya riƙa ƙona shi, ya yi ta ruri ko ka zare makulli.

Na huɗu, zafi da ƙura. Zafi yana sa mai ya haɗu da iskar oksijin ya yi danƙo. Turbo, wanda kusan duk dizal ɗin zamani ke da shi, yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ne ke sanyaya shi. Shi ya sa bayan doguwar tafiya yana da kyau ka bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. Ƙurar hunturu kuwa, idan filtar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba, kai tsaye take shiga ta ci ringi.

Littafin mota yakan zo da jadawali biyu: na tuƙin yau da kullum, da na tuƙi mai wahala, wato ƙura, zafi, cunkoso, ɗaukar kaya, da barin inji a kunne a tsaye. Mai tuƙi a Kano ko Maraɗi ya duba wannan jerin da kyau, zai ga rayuwar motarsa aka siffanta. A jadawali na biyu sau da yawa ana raba tazarar gida biyu, misali daga kilomita 10,000 zuwa 5,000. Kuma akwai iyakar watanni, domin mai yana tsufa ko mota na ajiye.

Karanta abin da ke jikin galan

Lambobi irin su 15W-40 ko 5W-30 suna bayanin kaurin mai ne. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a digiri 100. Akwai masu cewa a ƙasar zafi dole a zuba mai mai kauri sosai. Amma zafin cikin inji ya fi na Sakkwato a watan Afrilu nesa ba kusa ba, kuma ratar da ke tsakanin ƙarafan sabon inji siririya ce, mai kauri ba ya ratsa ta da wuri. Bi abin da littafin motarka ya halatta.

Sai haruffan API. Waɗanda suka fara da C na dizal ne, kamar CI-4, CJ-4 da CK-4. Waɗanda suka fara da S na fetur ne. Motocin Turai sukan nemi ma'aunin ACEA, kuma masu DPF suna buƙatar rukunin C, kamar C3, wanda tokarsa kaɗan ce. Dalili kuwa, kunkunniya tana ƙonewa a cikin DPF amma toka ba ta ƙonewa, taruwa take yi har ta toshe shi. Man da ya dace da tsohuwar tirela zai iya kashe matatar sabuwar mota.

Man giyabos da na aksul

A giyabos ba a ƙona komai, don haka babu kunkunniya. Abin da ke kashe man nan shi ne zafi, matsi tsakanin haƙoran giya, garin ƙarfe, da ruwa. Kada lambar 75W-90 ta ruɗe ka, ma'auninsu daban ne. Kaurinsa bai yi nisa da na baƙin mai 10W-40 ba.

A giyar hannu, a kula da bambancin GL-4 da GL-5. GL-5 yana da sinadaran jure matsi da yawa, an yi shi ne musamman don aksul. A cikin giyabos kuwa akwai zobban tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma wasu mayukan GL-5 ba sa jituwa da su. Idan littafi ya ce GL-4, to GL-4 ɗin za a zuba. Babbar lamba ba ta nufin ya fi kyau.

A atomatik aikin man ya fi yawa. Shi ke isar da ƙarfin inji, shi ke tura kulocin ciki su kama, shi ke sanyaya su. Kowane kamfani da nasa tsarin: Dexron na General Motors, Mercon na Ford, WS na Toyota. Jan launi ba ya nufin duk ɗaya ne. Giyabos ɗin DSG mai giya shida na Volkswagen, wanda kulocinsa ke cikin mai, kamfanin ya ce a canza masa mai da filta duk kilomita 60,000. Wasu motocin kuma za ka ji an ce mansu na har abada ne. A tuna cewa motar da ta shigo daga Beljiyam ta riga ta ci rabin rayuwarta kafin ta iso hannunka. Idan man ya yi duhu yana warin ƙuna, a je wajen wanda ya san giyabos ɗin.

Masu Hilux da Land Cruiser da ke ratsa ruwa da damina, ku duba man aksul bayan haka. Idan ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, a canza shi nan take.

Man birki: mai shan ruwa a ɓoye

Wannan shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ya shafi rai kai tsaye. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska ta jikin robobi da murfi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230. Idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya yarda ya sauko har digiri 155.

Me hakan ke nufi a kan hanya? Ɗauki mota cike da kaya tana gangara Hawan Kibo daga Jos, direba na danne da birki. Zafin yana ratsawa har cikin mai. Idan man ya tafasa, sai ya zama tururi, shi kuwa tururi yana matsuwa, ba kamar ruwa ba. Ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Bayan ya huce sai birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru, shi ya sa ba a cika gano musabbabin ba. Kamfanoni da yawa suna cewa a canza shi duk shekara biyu, ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Kuma kada a haɗa DOT 5 da sauran, asalin sinadarinsa daban ne.

Ruwan lagireto

Tunda ba mu da ƙanƙara, mutane da yawa suna ganin ruwan famfo ya wadatar. Sai dai ruwan sanyaya inji yana da wasu ayyukan. Haɗin rabi ruwa rabi sinadarin gilaikol yana tafasa ne a wajen digiri 108, kuma matsin murfin lagireto yana ɗaga shi sama da 120. Sannan yana ɗauke da magungunan tsatsa, waɗanda su ne ke ƙarewa da shekaru. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri a cikin siraran bututun lagireto, irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, ya hana zafi fita. Ƙarshenta gaskit ya ƙone. Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Kuma a ɓoye ruwan nan daga yara da dabbobi, yana da ɗan zaƙi amma guba ne.

Filtar dizal da AdBlue

Famfon dizal na zamani yana aiki da matsin da kan kai ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma dizal ɗin kansa ne ke shafe ƙarafansa. Ruwa ko kananzir da aka gauraya a ciki yana rage wannan santsin, famfo da nozul su lalace. Shi ya sa filtar dizal ke da wurin tara ruwa a ƙasanta. Idan fitilarta ta kama a gaban direba, a tsiyaye ruwan a ranar.

Sababbin motoci kuma suna da tankin AdBlue, haɗin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, wanda ake fesawa a salansa don rage hayaƙi mai cutar da huhu. Ba a zuba shi a tankin dizal, kuma ba a haɗa shi a gida da takin gona.

Ranar juye

A tsiyaye mai da ɗuminsa, don ya fito da dattin da ke yawo a ciki. A canza filta tare da mai kowane lokaci. A sayi galan a rufe daga dila sananne, a buɗe a gabanka. Bayan an tayar da inji an kashe, a jira 'yan mintuna a wuri mai shimfiɗe kafin a duba geji, kuma kada mai ya wuce layin sama. Rubuta kwanan wata da kilomita a ɗan littafi ka ajiye a mota, na kowane mai daban.

Tsohon man kuma kada a zubar a kwata ko a ƙasa, domin yana gangarawa ya gurɓata ruwan rijiya. Yana ɗauke da sinadaran da yawan taɓa su ke da haɗari ga fata, don haka yaran gareji su riƙa sa safar hannu, su wanke da sabulu maimakon fetur. A tara shi a jarka a rufe, a miƙa wa masu saye don sake sarrafawa.